Wutsiyar Igiya

Shekara ashirin da 'yan kai nake riƙe wa Hollis igiya a wasan hawan dutse, kuma ƙafarsa ba ta taɓa sauka ƙasa ba sai da izinina. Idan yana kan dutse ina gindi, idan ina kai yana gindi. Matarsa Darla takan ce na fi ta sanin nauyin mijinta. Gaskiya ta faɗa, don idan ya ɗura wake da burodin masara ranar Juma'a, a ƙuguna nake jin labarin ranar Asabar.

Da bututu nake riƙo. Ɗan ƙarfe ne mai hanci biyu da bai cika tafin hannu ba. Ka lanƙwasa igiya ka zura, ka maƙale da ƙugiya a ɗamararka, shi ke nan. Ba ya yi maka tunani. Idan na sama ya faɗo, hannunka na dama ne birki: ka danne igiya ƙasa ya tsaya, ka saki ya taho. Sauran masu hawan dutse a yankinmu na Red River kuwa tuni suka koma mai birki, wani curin ƙarfe mai harshe a ciki, wanda da an fizgi igiya yake cije ta da kansa. Na sha faɗa a gindin dutse, da ƙarfi don a ji, cewa wannan na ragwaye ne, masu son riƙe mutum da hannu ɗaya suna latsa waya da ɗayan. Hollis yakan taya ni dariya, har ya ƙara da nasa.

Akwai wata hanya da ta tsaya wa Hollis a wuya, ana ce mata Haƙarƙarin Alfadari. A jikin wani dutse take da ya sunkuyo har ruwan sama ba ya taɓa gindinsa. Kaka uku muna zarya a kanta. Abin da ake nema shi ne mutum ya hau daga ƙasa har sarƙar da ke can ƙololuwa a tashi ɗaya, ba faɗuwa, ba rataya a igiya a huta. Hollis ya san kowane rami a hanyar nan, amma kullum a wuri ɗaya take watso shi, ƙasa kaɗan da sarƙar. Ga shi likita ya sa masa ranar aikin kafaɗa a farkon Disamba, ya kuma gaya masa bayan aikin ya manta da irin wannan hawan, ya koma na dattawa. To, ko bana ko ba har abada ke nan.

Ni kuwa ban taɓa sa ran hawa Haƙarƙari ba, jikina ya fi ƙarfin yatsuna. Abu ɗaya nake so: ranar da Hollis zai taɓa sarƙar nan, igiyar ta kasance a hannuna. Wuyana ya sandare da kallon sama a gindinta, na tare faɗuwarsa fiye da yadda zan iya lissafawa. Ina ganin wannan haƙƙina ne, kuma har yau ban ga laifin wannan tunanin ba.

Asabar ta farko a Oktoba ya zo ɗaukata, sai na tarar da mutum a kujerata ta gaban akori-kurarsa. Wata yarinya ce, ba za ta wuce shekara talatin ba, siririya, da kofin kofi a kowane hannu. Hollis ya ce sunanta Renata, nas ce a birnin Lexington, a gidan motsa jiki suka haɗu inda yake horar da kafaɗarsa a bangon koyon hawa. Ta yi wuf ta sauko ta bar min kujerar.

"Ina kwana, Baba Virgil. Hollis ba shi da hira sai taka."

Baba. Watanni biyar na ba Hollis, amma shi Hollis ne, ni ne Baba. Na amsa a daƙile. Kofin nata kuma ga shi da daɗi, abin da ya ƙara ɓata min rai ke nan.

A hanya Hollis ya ce gara a zama mu uku, wani ya riƙe wani ya huta. Muka ɗumama jiki a hanyoyi masu sauƙi, na riƙe shi kamar kullum. Da muka isa gindin Haƙarƙari ya ƙulla igiya a ɗamararsa, na miƙa hannu, sai ya miƙa wa Renata ɗaya gefen. Ya ce ita ba ta da nauyi, idan ya faɗo igiyar takan ɗan ɗaga ta sama, sai faɗuwar ta zo da laushi, kafaɗarsa ba ta jin jijjiga. Yana maganar yana kallon takalminsa.

Ta zaro mai birki, ja, yana ƙyalli. Ta sa wani tabarau mai madubi a ciki, irin wanda mutum yake kallon gaba amma yana ganin sama. Na ce a zamaninmu wuya muke sa wa. Ta yi dariya ta ce shi ya sa zamaninku duk kuke juyowa da kafaɗa in an kira ku. Hollis ya tuntsire da dariya, irin wadda da ni yake yi wa.

Na zauna a kan dutse ina jiran in ga ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Hannunta bai bar igiya ba ko sau ɗaya, wayarta tana cikin jaka. Da ya faɗo ta ɗan yi tsalle ta bi igiyar, ya sauko a hankali yana lilo yana cewa kai, wannan kamar katifa. Shekara ashirin ina tare faɗuwarsa bai taɓa ce min katifa ba.

An ce kishi kumallon mata. Ƙarya ne, ko kuma ba su ga tsohon mai aikin famfo a gindin dutse ba. Haka Oktoba ta tafi. Ni ne na ɗumamawa, ita ce ta Haƙarƙari. Ni nake ɗaukar jakar igiya, ni nake share ramuka da burushi a kan sanda, ita take riƙo. Hollis ne ya yi min abin, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka duk haushina a kanta ya sauka. Ta yi magana in ce ta cika surutu, ta yi shiru in ce girman kai. Na kai ƙara wurin Darla, ta ce in je in nemi aikin yi, ita shekara ashirin muna rabon mijinta ni da ita, ba ta mutu ba.

Na ce to, idan ƙarfen ne matsalar, ai ba gado ba ne. Na tuƙa mota har Louisville, inda babu mai shagon da ya san bakina, na sayi mai birki na ɓoye a ƙarƙashin kujera. A gareji na rataya buhun yashi a azara ina gwadawa. Tsayar da buhu ba wuya, ƙarfen da kansa yake yi. Sakar wa na sama igiya da sauri ne aikin, don idan ka ja da ƙarfi sai harshen ya ɗauka faɗuwa ce ya cije. Sai ka danne shi da babban yatsa, sauran yatsun suna riƙe da igiya, ka zaro da hagu. Yatsuna na dama kuwa shekara talatin na murɗa bututun ruwa sun gama da su, da sanyin safiya mutuwa suke yi kamar na kwana a kansu. Da na tambayi Renata, da ta nuna min a minti goma. Na gwammace in ci ƙasa.

Asabar ɗin tsakiyar Nuwamba ta zo da sanyi busasshe, irin wanda fata take kama dutse. An ce daga Lahadi ruwa zai sauko na mako guda, bayan nan kuma sai asibiti. Duk mun san ranar ce ta ƙarshe, shi ya sa ba wanda ya faɗa. A gindin Haƙarƙari, Hollis yana gama ƙulli, na riga Renata ɗaukar igiyar, na zaro sabon ƙarfena na zura.

Al'adarmu ce kafin mutum ya bar ƙasa a duba juna. Ni in duba ƙullinsa, shi ya duba ƙarfena. Hollis ya kama shi ya juya, ya fizgi igiya ya ga ta cije, sannan ya ɗago ya kalli fuskata.

"Kai ne da na ragwaye, mutumina?"

"Tsufa ne. Hau mu gani."

Ya kalli Renata, ta ɗage kafaɗa ta koma gefe ta zauna. Ya ce to, ya tsoma hannu a garin allin da ke busar da gumi ya hau.

Farkon hanyar lafiya lau. Yana hawa yana maƙala igiya a ƙugiyoyin da ke rataye a ƙusoshin dutsen, ina saka masa a hankali, har na fara jin daɗin kaina. Yana tafiya kamar ba shi ba, ƙafa ba ta zame ba, numfashi daidai. Sai ya isa ƙusar da ke ƙasa da wurin da yake faɗowa. A nan hannu ɗaya ne yake riƙe da shi, a wani ɗan rami mai cin yatsa biyu, dole ya ja igiya da sauri ya maƙala ya wuce. Ya ja. Na zaro da ƙarfi kamar yadda na saba da bututu, shegen ƙarfen ya cije.

"Sako!"

Na lalubi harshen da babban yatsa, yatsan ba ya ji. Na danna gefe. Hollis yana can da igiya a haƙori yana ja, ni ina nan ina kokawa da ƙarfe.

"Virgil, sako!"

Na samu na danne, igiyar ta tafi, ya maƙala. Amma hannunsa ya riga ya ƙone a ramin nan. Motsi biyu ya ƙara ya faɗo. Ƙarfen ya cije shi tsaf, ba tare da ya tambaye ni ba.

Na sauke shi ina zagin wanda ya ƙera abin da wanda ya sayar min. Hollis ya kwance ƙulli, ya sa rigar sanyi, ya kwanta rigingine a kan tabarmar igiya ya ɗora hannuwa a ƙirji. Renata ta ce bari ta je mota ta ɗauko ruwan zafi, alhali ga fulas ɗin a gefenta. Duk mun san gwaji ɗaya ya rage a hannuwansa.

Da ta ɓace a cikin itatuwa na zaro tsohon bututuna na nuna masa. Na ce da wannan ido a rufe zan riƙe shi, da tsohuwar zuma ake magani. Na ce ya tuna duk faɗuwar da na tare. Na faɗi abubuwa da yawa, har da cewa tun da ya sami 'yar tabarau ya manta wanda ya ɗauke shi a baya ranar da ya karye a idon sawu. Ya bar ni na gama.

"A'a, Virgil."

"Don ba ta da nauyi? Ai nima ina tsalle."

"Ba nauyi ba ne. Ƙarya na yi maka." Ya tashi zaune. "A watan Afrilu, a nan wurin, na leƙo ƙasa. Hannunka na dama yana cikin hammatarka kana ɗumama shi. Igiyar birki tana reto a iska."

"Na hagu yana riƙe."

"Sama da ƙarfen yake riƙe. Kai ka koya min cewa wannan ba riƙo ba ne." Ya murza fuskarsa. "Ban gaya wa Darla ba. Ban gaya wa yarinyar nan ba. Wata shida ina neman bakin da zan gaya maka da shi, ban samu ba, sai na kawo ta."

Na so in ce daƙiƙa biyu ne kawai. Amma ni ne mutumin da yake gaya wa yara a gindin dutse cewa daƙiƙa biyu ta ishi a yi jana'iza. Na ji kunya, na kuma ji haushi, haushin ya fi yawa. Ashe duk safiyar Asabar ɗin nan da yake ba ni riƙo a hanyoyin da ba ya faɗowa, lallaɓa ni yake yi kamar mai jinya. Na mayar da bututun cikin jaka.

Renata ta dawo hannu rabbana, ta ma manta da ƙaryar ruwan zafin. Hollis ya huta sosai, ya ci ayaba, ya sake ƙulli. Suka duba juna. Tana shirin cewa ya hau, sai ta waiwayo ta ɗago ragowar igiyar da ke bayan hannunta.

"Baba Virgil, ko za ka riƙe min wutsiya?"

Riƙon wutsiya aikin malami ne a bayan ɗan koyo, ko kuma abin da ake ba yaro don kada ya ji an ware shi. Na san wanne ne nawa. Na karɓa dai, na tsaya a bayan kafaɗarta.

Hollis ya hau. Ba zan ɓoye ba, ƙusa ta farko da ta biyu addu'a nake yi ya faɗo. Ba ya ji ciwo ba, a'a, ya dai faɗo, ruwa ya sauko gobe, a je asibiti, Haƙarƙari ta zauna ba ta kowa ba. In ni ban samu ba, ita ma kada ta samu. Abokina na shekara ashirin yana ba da ransa a sama, ni ina ƙasa ina yi masa wannan fatan.

Sai na lura da hannunta. Tana riƙo da kyau, amma da ido take riƙo, sai ya motsa take motsawa. Wata ɗaya da rabi ke nan tana riƙe shi. Ba ta san idan ya tsoma hannu a alli sau biyu a jere tsoro ne ya kama shi ba, kuma mai tsoro tun daga nesa yake jan igiya. Ya tsoma sau biyu. Bakina ya riga zuciyata.

"Zai ja da wuri," na ce a kunnenta. "Danne harshen tun yanzu."

Ta danne. Ya ja, igiyar ta tafi kamar ruwa, ya maƙala. Ba ta waiwayo ba, ta dai ɗan gyaɗa kai.

Daga nan ban iya shiru ba. Na gaya mata inda zai huta, ta rage igiyar da ke reto. Na gaya mata ta matsa dama kada igiyar ta shiga tsakanin ƙafafunsa. Da ya doshi ɗan ramin nan mai cin yatsa biyu, na ji ya fara gurnani ƙasa-ƙasa, abin da yake yi idan ya yanke shawarar wauta. Renata ta riga ta shirya zaro masa igiya.

"Kar ki saka. Tsallake ƙusar zai yi."

"Bai taɓa tsallake ta ba."

"Yau zai yi. Matso jikin dutse. In ya faɗo doguwa ce, ki shirya."

Ta matso. Hollis ko kallon ƙugiyar bai yi ba, ya wuce ta, ya miƙa hagu, ya ɗora dunduniya, ya yi wani ihu ya cafki babban ramin da kaka uku yake mafarkinsa. Na ce mata yanzu, hannu biyu cike, ta zaro masa, ya maƙala ta gaba. Ya bi sauran hanyar har sama. Na ji ƙarar ƙugiyar sarƙa ta rufe, sannan muryarsa ta sauko daga sama.

"Renata, ja ni!"

Ta ja, ta zauna a ɗamararta, ta sauke shi a hankali. Mutanen da ke hanyoyin gefe suna tafi suna buga gwangwani. Ni ina tsaye da wutsiyar igiya tana wucewa ta tafin hannuna.

Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya rungume ta har tabaraunta ya faɗi. Yana dariya, hawaye yana bin allin da ke fuskarsa. Sannan ya juyo ya damƙe ni nima, ya girgiza ni.

"Mutumina, ka ga riƙo? Kafin in nema ta ba ni. Har tsallaken da na yi ta sani, ni kaina ban san zan yi ba. Wallahi tun da nake hawa ba a taɓa riƙe ni haka ba."

Renata ta buɗe baki tana nuna ni. Na ɗan fizgi wutsiyar, ta ji a hannunta, ta kalle ni, na girgiza kai. Idan kafaɗarsa ta warke zai koma hawa, ko da na dattawa ne, kuma a hannunta zai hau. Wanda yake sama yana waiwayen ƙasa bai da maraba da wanda ba a riƙe ba. Gara ya yarda da ita gaba ɗaya. Na san haka, kuma sanin bai rage min komai ba, na tsani yarinyar nan a lokacin fiye da kowace rana. Ta rufe bakinta, idanunta sun kawo ruwa.

"Na gani," na ce masa. "Ta iya."

Ya saki kafaɗata ya juya wajenta, yana tambayarta wace irin fiza, gurasar nan ta Turawa, take so, yana kuma tambayar ko ranakun Asabar ɗinta a buɗe suke a watan Afrilu. Na sunkuya na zare igiyar daga ƙarfenta na fara naɗewa.